Kafin a buɗe zauren dangi: wace manhaja, wace waya, wane layi?

Ranar sadakar arba'in ɗin Baffanmu, bayan baƙi sun watse an bar mu 'yan gida a zaure, Kawu ya ɗago maganar da ke cin ran kowa. Wata 'yar ƙanwar marigayin da ke aure a Abeshe ba ta ji rasuwar ba sai bayan kwana tara, a bakin wani direban babbar mota. Kawu ya ce abin kunya ne a zamanin da yaro ɗan shekara goma ke yawo da waya a aljihu. Aka juyo aka dube ni, don shagona yana jere ɗaya da masu sayar da waya a babbar kasuwar Garwa, aka ce in je in bincika, in kawo abin da za a saya da yadda za a yi.

Gidanmu tushensa a Garwa yake, amma rassa sun yi nisa: Marwa, Ngaundere, Kusiri, ƙetaren gada a Injamena, Birkitiri a Yawunde, Mubi da Yola a Najeriya, da mutum biyu a ƙasar Larabawa. Na san gidaje da yawa a arewacin Kamaru haka suke, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gano.

Ma'aunina ɗaya ne, kuma mutum ne: Goggo. Ta haura saba'in, tana karanta Alƙur'ani da ajami, ba ta san boko ba, idonta ya fara rauni, kuma ita ce ta san wa ya haifi wa tun daga kakan kakanmu. Duk tsarin da Goggo ba za ta iya shiga cikinsa ba, na samari ne, ba na dangi ba. Da wannan na auna komai.

Abu na farko da ma'aunin ya kayar shi ne rubutu. Ku duba yadda muke: wanda ya yi lakwal a Garwa yana rubuta Hausa da haruffan Faransanci, «ina kouana», «tchikin gari», ɗan'uwansa na Yola yana gani ya yi ta dariya, shi kuma in ya rubuta «cikin gari» na nan ya karanta «sikin». Na Injamena rabin maganarsu Larabci ne, surukanmu Fulatanci, tsofaffi ajami. Harshe ɗaya muke yi a baki, hannu huɗu muke rubutawa. Saboda haka duk manhajar da za a zaɓa, a fara duba yadda take ɗaukar murya. Waɗanda suka girma kafin zuwan salula za su tuna kaset: a zauna gaban rikoda kowa ya yi gaisuwarsa, a naɗe a ba direban motar Ngaundere, daga can jirgin ƙasa ya kwana da shi zuwa Yawunde. Saƙon murya kaset ɗin nan ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya kwana a hanya.

A nan WhatsApp ya yi wa sauran fintinkau, kuma ba don ya fi su fasaha ba, don kowa yana da shi ne. Ba ya neman adireshin imel ko kalmar sirri mai tsawo, lambar waya kawai. Danna alamar makirfo, ka yi magana, ka saki: Goggo ta koya a zama ɗaya. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, wanda ko gidan sarauta ya ishe shi, kiran taro kuma yana haɗa mutum 32. Tun 2016 saƙonnin da ke cikinsa a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya karanta su, ko da yake wannan kullin ba ya hana 'yar'uwarka tura maganarka zuwa zauren kishiyarta. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega ɗaya ba, kuma in rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni yana jira har ya samu hanya ya wuce da kansa.

Aibinsa biyu ne, duka na gan su da idona. Na farko hayaniya. Kafin a yi sallar azahar an tura hotunan barka da Juma'a arba'in, wa'azi uku, maganin basir biyu, da bidiyon wani haɗari da aka ce na jiya ne alhali ya shekara biyar yana yawo. A cikin wannan tarkace sanarwar ɗaurin aure ke nutsewa. Maganinsa a buɗe zaure biyu: ɗaya na sanarwa, a saita shi yadda masu kula da shi kaɗai ke iya turawa, ɗaya na hira, kowa ya sha shagalinsa. Tun 2022 akwai tsarin da ke haɗa zauruka da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ya dace da gidan da ke da ɗakuna da yawa, amma mu mun ga ya fi ƙarfin buƙatarmu. Aibi na biyu: abin da aka tura a cikin wayoyin mutane yake zaune. Waya ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya fizge a kan babur, hotunan sunan yaro sun tafi, sai in an saita ajiya a Google, wanda shi ma giga 15 ne kyautarsa.

Wannan gurbin ne Telegram ke cikewa. Shi yana ajiye komai a rumbunsa, ka canza waya sau goma ka tarar da kayanka, wanda ya shigo zaure yau kuma ana iya buɗe masa ya ga abin da aka tura bara. Zaurensa yana ɗaukar har mutum 200,000, adadin da ba ruwan dangi da shi. Na so shi don ajiyar tsofaffin hotuna da muryar Goggo tana jero zuriya. Amma da na ƙirga, cikin danginmu 'yan jami'ar Ngaundere da wasu 'yan kasuwa ne kawai ke da shi, hirar zaurensa kuma ba ta da irin kullin WhatsApp. Ya yi sito, bai yi zaure ba.

Facebook kasuwa ce. Yana da kyau wajen nemo dangin da aka rabu da su shekara talatin, da haka muka gano zuriyar wani ƙanen kakanmu a Mundu. Amma matan gidanmu da yawa ba sa son hotonsu a inda baƙo zai gani, mazajensu ma haka, kuma labarin rashin lafiya ko rabuwar aure ba abin bazawa a kasuwa ba ne. In dole sai an yi, Facebook Lite ya fi sauƙin cin mega.

Masu 'yan'uwa a ƙasashen Larabawa su tambaye su tukuna. A Dubai da sauran Daular Larabawa kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp a toshe yake, ko da yake saƙo yana shiga, can Botim suke amfani da shi. Namu na Saudiyya sun fi sabawa da imo. Ba sai dangi duka sun sauke ba, uwar mutumin da matarsa sun isa.

To, manhaja kyauta ce. Inda kuɗi ke fita shi ne waya da layi.

A teburin masu waya za ka ga Tecno, Itel da Infinix sun cika gaba, dukansu kuma 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, don haka gardamar wanne ya fi wanne yawancinta gardamar farashi ce. Samsung tana nan ga mai hali. Ga tsoho, ban ga amfanin kyamara mai ido uku ba. A duba ƙarar lasifika, don kunne ya yi nauyi. A duba batir, 5,000 mAh yanzu ya zama gama-gari ko a masu arha. A duba ma'ajiya: mai giga 32 zauren dangi zai cika ta kafin babbar salla, 64 ta fi kwanciyar hankali, RAM kuma, wato ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita, in an samu giga 3 ko 4 ya fi 2. Sannan ranar da aka saya a shiga saiti a kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye. Wannan ɗan aikin na minti ɗaya ya fi kowace rangwame da za ka samu wajen ciniki.

Waya ta hannu, wadda muke kira okaziyo, a yi hattara da ita. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ba ya aiki a kan Android ɗin da bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6. Wayoyi masu madanni da aka riƙa tallatawa da cewa suna yin WhatsApp, masu tsarin KaiOS, su ma ya janye daga kansu. Kada ka biya sai an sa layinka an buɗe manhajar a gabanka.

Duk da haka ban raina ƙaramar waya mai madanni ba, 'yar Itel ɗin nan da ke kwana uku ko huɗu ba caji. Wutarmu ta arewa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, in ruwa ya ja baya a watannin zafi kuran, wato lantarki, ya kan zama baƙo, duk da tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage nauyi. A watan Afrilu babbar waya kan mutu da la'asar, ƙaramar tana nan da ranta, ga tocila. Ga 'yan'uwanmu na ƙauye da masu kiwo a daji ita ce waya. Gidan da ya sayi babbar waya, ya ƙara da ɗan faifan sola ko batirin ajiya, in ba haka ba kuɗin caji a shago zai cinye bambancin.

Batun layi kuwa, ba ni da gwani. A Kamaru akwai MTN da Orange, da Blue na Camtel. A Cadi akwai Airtel da Moov Africa, wanda tsofaffi har yanzu Tigo suke ce masa, ko da yake Maroc Telecom ta saye shi tun 2019. Wanda ke da ƙarfi a Rumde Ajiya ba lallai ya kai wani ƙauye bayan Pitowa ba. Kada ka tambayi mai talla, tambayi maƙwabcin wanda za ka saya wa, musamman mai shagon caji na garin. Kusan duk wayoyin nan layi biyu suke ci, a yi amfani da hakan. Forfe, wato ƙunshin megan da ake saya, na kwana ɗaya yana da daɗin saya amma yana ƙarewa ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Ga mai saƙon murya kawai, ƙaramin na wata ya fi riba, kuma ɗa na birni zai iya saya wa uwarsa daga inda yake. Babban gida mai wayoyi goma ya duba ɗan akwatin wifi, a haɗa kuɗi, amma a san cewa samari za su shanye shi da kallon ƙwallo.

Na Kusiri su lura da abu ɗaya. Tsakaninsu da Injamena ruwa ne kawai, waya kan tsallaka ta kama rezon ƙetare ba tare da sanin mai ita ba, kiredi ya narke. Ƙanena ya yi asarar na sati guda a haka. A saita wayar ta daina zaɓen rezo da kanta.

Layin tsoho kuma a yi rajistarsa da katin shaidarsa, a riƙa sa masa ko ɗan kaɗan. Layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, ka wayi gari baƙo ne ke riƙe da lambar mahaifiyarka. In wani ya rasu ko ya canza lamba, a cire tsohuwar daga zaure. A kuma sa wa kowa lambar sirri ta biyu a WhatsApp, a ja masa kunne: duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambobi shida da suka shigo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya yi sallama da sunan kakanka. Da zarar ya samu zai shiga rigar Kawu ya ce yana asibiti a turo jaka hamsin, dangi kuwa akwai tausayi.

Akwai abin da mutanen Cadi suka koya mana. Daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, wata goma sha shida, hukuma ta toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar, sai mai VPN, manhajar da ke zagaye toshiyar, da kuɗin mega ke leƙawa. A Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, ƙasashe da dama na yankin nan suka ji a jikinsu. Don haka na sayi littafi mai bango mai kauri, na rubuta lambar kowa da lambar ƙasarsa a gaba, +237 ko +235 ko +234, na ajiye a ɗakin Kawu. Kowane gari aka naɗa mutum ɗaya da za a kira kai tsaye, shi kuma ya taka da ƙafa ya sanar da marasa waya. Sanarwar rediyo ma ba mu yar da ita ba, don har gobe akwai dattawan da ba su yarda an yi ɗaurin aure ba sai sun ji a akwati.

Doka ɗaya Kawu ya kafa da bakinsa, ban kuma ji wanda ya musa ba: labarin rasuwa ba ya shiga zaure sai an kira uwa, da mata ko miji, da 'ya'ya, an gaya musu da murya, an tabbatar akwai wani a kusa da su. A wani gida na san matar da ta ga hoton ɗanta da «Innalillahi» a ƙasa tana tsakiyar kasuwa.

Abin da muka saya a ƙarshe: babbar waya ɗaya mai giga 64 ga Goggo, jikarta 'yar aji uku a sakandare ce ke riƙe mata, ƙananan wayoyi uku ga na ƙauye, faifan sola ɗaya, da littafin nan. Saƙon Goggo na farko ya kai minti shida. Ta gaida kowa ɗaki-ɗaki, daga Marwa har Jidda, ta tsallake sunan ɗanta na fari kamar yadda ta saba, ta ce «wancan na Yawunde». Sai a ƙarshe ta faɗi abin da ya sa ta ɗauki wayar: an yi ruwan farko a Garwa daren jiya, kuma akuyar da aka bar mata ta haifi biyu. Ta Abeshe ce ta fara amsawa.