Lauyar da ta yi mana cinikin gida a Manchesta: ta san aiki, amma sai ka iya bibiya

Tunda 'yan uwa da yawa sun fara maganar sayen gida a nan Ingila, bari in faɗi yadda muka kwashe da ofishin lauyoyin da ya yi mana cinikin namu a gefen Manchesta. Ba zan kama suna ba, ƙaramin ofis ne, mace ce ta riƙe fayil ɗinmu tun daga farko har muka karɓi makulli. Na gamsu da aikinta, amma akwai inda suka ƙona min rai kuma zan faɗa.

Ana karɓar tayinmu dillalin gidan ya fara tura mu wajen wani kamfanin lauyoyi na intanet, wai nasu ne sun fi sauri. Na ce masa ana ba ka wani abu ne in ka kai musu mutum? Ya ɗan yi jim sannan ya ce eh akwai la'ada. Ba laifi ba ne a dokarsu, amma dole ya gaya maka, kuma ba dole ka ɗauki nasa ba. Ni dai na nemi farashi a rubuce daga wurare daban, na duba sunan ofis ɗin a rajistar SRA, masu kula da lauyoyi, in kuma ba cikakken lauya ba ne mai lasisin cinikin gida ne kawai to a rajistar CLC, masu kula da irinsu, za ka duba. Abin da ya yanke min shawara shi ne banki. Mu ta bankin Musulunci muka bi, irin wanda za ku sayi gidan tare kana biyan haya kana sayen kasonsa a hankali, kuma ba kowane lauya ne ya saba da takardunsu ba, wani ma bankin ba zai yarda da shi ba. Ita ta taɓa yi, da na faɗi tsarin ba ta tsaya kame-kame ba.

Inda ta fi tsananta mana shi ne asalin kuɗi. Yayana a Kano ya taimaka da wani abu a kuɗin kafin alƙalami, to wallahi sai da ta nemi fasfo ɗinsa, da bayanin asusunsa na banki, da takarda ya sa hannu cewa kyauta ce ba bashi ba kuma ba shi da kaso a gidan, sannan da shaidar yadda naira ta zama fam ta shigo asusuna. Yaya har ya ji haushi, ya kira ni yana cewa shi da kuɗinsa sai an tuhume shi kamar ɓarawo? Sai da na lallaɓa shi. Dokar hana halasta kuɗin haram ce ta ɗaure su, ba son ransu ba ne. Allah ya taimaka ta kamfanin tura kuɗi mai rasit ya aiko, don da ta hanyar da muka saba ne, ka ba ɗan canji naira a Wapa wani a Landan da ba ka taɓa gani ba ya zuba maka fam, ta ce da wuya ta iya karɓa. Kuɗin adashin maiɗakina ma sai da muka kawo bayanin su waye suke zubi da yadda yake zagayawa.

Sai tambayar da ban zata ba: kana da gida a ko'ina a duniya, ko da gado ka ci? Ashe harajin sayen gida, sitam duti, da wannan tambayar yake ɗaure. Daga 1 ga Afrilu 2025 wanda bai taɓa mallakar gida ba ba ya biyan komai har £300,000, in dai gidan bai wuce £500,000 ba. Amma in ka taɓa mallakar gidan zama a Kano ko Zinder ko ina ne, wannan rangwamen ya wuce ka, kuma in har yanzu yana hannunka ya kai darajar £40,000 ana iya ɗora maka ƙarin harajin kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan da kake saye. Ni fili ne kawai gare ni ba gini, ta ce wannan daban ne. Wasu cewa suke wa zai sani, to kai ne dai mai alhakin abin da aka rubuta a takardar harajin, ba lauya ba.

Abin da ya sa na ce matar nan ta ci kuɗinta shi ne maganar gado. Ta ce mata da miji suna iya mallakar gida iri biyu. Na farko, in ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya zama na ɗayan kai tsaye, ko me ka rubuta a wasiyya bai shafe shi ba. Na biyu kowa da kasonsa a rubuce, kuma kason mamaci yana bin wasiyyarsa. Ita da kanta ta ce ta lura Musulmi da yawa na biyun suke ɗauka saboda rabon gado, amma ta gargaɗe mu cewa in ba mu rubuta wasiyya ba dokar Ingila ce za ta raba, ba ruwanta da tumunin takaba. Muka koma gida muka tattauna, muka ɗauki na biyu. A fom ɗin fa ɗan akwati ne kawai za ka yi wa alama, in ba a yi maka bayani ba wucewa za ka yi.

Gidan namu kuma ashe ƙasar ba tamu ba ce, haya ce ta shekara 999, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin gidajen wannan yankin. Gabana ya faɗi da na ji, ta ce in kwantar da hankali, abin tsoro shi ne wanda shekarunsa suka kusa sauka ƙasa da 80. Ta kuma sa an yi binciken tsofaffin ramukan kwal ban da na kansila da na ruwa, saboda an haƙi kwal sosai a nan. Lafiyar ginin kuwa ba aikinta ba ne, ta faɗa tun farko, mai duba gini daban muka ɗauka.

To yanzu laifinsu. Waya ba a ɗauka. Ka tura imel a yi shiru har sai ka sake turawa, kuma da ta tafi hutu ba wanda ya gaya mana, fayil ya kwanta, mai gida yana ta barazanar zai sayar wa wani. Kuma zai iya, domin a Ingila kafin a yi musayar takardun yarjejeniya kowa na iya fasawa, kuɗin binciken da ka kashe kuma ya tafi ke nan. Sannan farashin da suka ba ni da farko ya yi ta 'ya'ya: kuɗin duba shaida, kuɗin tura kuɗi, ƙari saboda kyautar Yaya, ƙari saboda hayar ƙasa. Suna cikin takardar sharuɗɗa da ƙananan rubutu, amma da na tambaya a waya jimla ɗaya aka faɗa min.

Abu ɗaya da suka yi daidai a nan, lambar asusunsu a takarda suka ba ni hannu da hannu, suka ce duk imel ɗin da ya zo yana cewa an canza asusu na 'yan damfara ne, in kira kafin in tura ko sisi.

Tauraro huɗu cikin biyar zan ba su. Wanda kuɗinsa zai fito daga gida ko zai bi ta bankin Musulunci, irin wannan ofis ɗin zai nema, kuma tun ranar farko ya tambayi wa zai riƙe fayil ɗin in mai shi ba ta nan. 'Yan Sikotilan kuma tsarinku daban ne, kar ku ɗauki wannan ku yi aiki da shi.