Bultaco da Montesa: wa ya sauya wasan, wa ya tara kofunan?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon masu hawa kan duwatsu da wani siririn babur marar wurin zama, ka bi sawu har ka ci karo da sunaye biyu, Bultaco da Montesa. Kana tambaya wanne ya fi tarihi a wannan wasa da ake kira trial, kuma me ya sa ɗaya yana nan har yau, ɗayan ya ɓace. Idan kofuna za a ƙirga, Montesa ne a gaba, da tazara mai yawa. Idan kuwa ana maganar wanda ya sauya wasan daga tushe, Bultaco ne, kuma ni a nan na tsaya.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, shi trial ba tsere ba ne. Ana shata wa mahayi hanya ta cikin rafi, kan duwatsu da kututtura, ya bi ta a tsaye kan babur ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Ya dafa ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki ɗaya. Ya faɗi ko ya fita daga layi, biyar. Mai ƙarancin maki shi ya ci. Don haka nauyin babur da yadda injinsa yake amsa maƙura a hankali sun fi gudu muhimmanci.

Kamfanonin biyu gida ɗaya suka fito. A 1944 Pere Permanyer da Francesc Xavier Bultó, wanda ake kira Paco, suka kafa Montesa a Basalona ta ƙasar Sifaniya. Permanyer mutumin lissafi ne da tafiyar da masana'anta, Bultó kuwa injiniya ne mahayi wanda ransa yake wajen gasa. A 1958 kasuwa ta yi sanyi, Permanyer ya ce a janye daga tsere a rage kashe kuɗi. Bultó ya ƙi, ya fita, ma'aikatan sashen tsere da dama suka bi shi. Aka haɗa Bultó da Paco aka sami Bultaco, babur ɗinsu na farko, Tralla 101, ya fito a 1959. Duk abin da ya biyo baya, halin mutanen nan biyu ne yake bayyana a jikin ƙarfe.

A lokacin wasan trial na Turawan Birtaniya ne, kuma da manyan babura masu inji mai bugu huɗu suke yinsa, irin su Ariel da AJS, masu nauyin gaske. Gwanin gwanayen zamanin, Sammy Miller ɗan Ailan ta Arewa, Ariel mai cc 500 yake hawa. A ƙarshen 1964 ya je wajen Bultó, suka ɗauki wani ƙaramin babur na kamfanin suka yi ta gyara shi har ya zama Sherpa T, mai cc 244 da inji mai bugu biyu, irin na Suzuki da Yamaha ɗin da masu hayaƙi da muka sani. A 1965 Miller ya hau shi ya ci gasar kwana shida ta Sikotlan, wadda ita ce mafi daraja a wasan, kuma wannan ne karo na farko da babur ɗin da ba na Birtaniya ba ya ci ta. Ya sake ci a 1967 da 1968. Cikin 'yan shekaru manyan baburan nan suka koma ɗaki. Abin da Sherpa T ya nuna shi ne matashi mai ƙaramin jiki da ƙaramin aljihu zai iya sayen babur a shago ya shiga gasa da shi yadda yake, ba sai ya kwana a gareji yana rage masa nauyi ba. Wannan ne ya fitar da wasan daga tsibirin Birtaniya ya bazu a Turai da Amurka.

Montesa a lokacin hankalinsa yana kan babur ɗin titi. Impala ɗinsa ya yi suna, har a 1962 aka ratsa Afirka da guda uku daga Cape Town zuwa Tunis. Sai a 1968 ya fito da Cota 247, wanda Leopoldo Milà ya zana, mai tanki da wurin zama a haɗe, ja, kyakkyawa ƙwarai. Ba na rage masa komai: Don Smith ya ci kofin Turai da Montesa a 1969. Amma hanyar da Sherpa ya share Cota ya bi.

Da aka mayar da gasar Turai ta zama ta duniya a 1975, Bultaco ya kwashe biyar na farko a jere: Martin Lampkin a 1975, Yrjö Vesterinen ɗan Finlan daga 1976 zuwa 1978, sai Bernie Schreiber Ba'amurke a 1979. Abin takaicin shi ne a shekarar da Schreiber ya ɗaga kofi, a ita masana'antar ta tsaya. Baburan Japan sun ƙwace kasuwar Amurka da Bultaco ya dogara da ita, tattalin arzikin Sifaniya ya rikice bayan mutuwar shugaban ƙasar, Franco, a 1975, yajin aiki ya yi yawa. An sake buɗewa a 1980, aka lallaɓa har 1983, aka rufe. A 1980 ɗin ne Montesa ya ci kofin duniya na farko, da Ulf Karlson ɗan Suwidin.

Guguwar da ta kayar da Bultaco ta kaɗa Montesa shi ma, ta kuma tafi da Ossa, kamfanin babur na Sifaniya da yake na ukunsu. Bambancin shi ne Montesa ya sami mai riƙe shi. Honda yana neman masana'anta a cikin Sifaniya saboda shingen da ƙasar ta sa wa baburan waje, sai suka ƙulla yarjejeniya a farkon shekarun 1980, zuwa 1986 mafi yawan hannun jari ya koma wajen Honda. Daga nan lissafin kofuna ya sauya. Marc Colomer ya ci a 1996. Dougie Lampkin, ɗan Martin ɗin nan na Bultaco, ya ci huɗu da Montesa daga 2000 zuwa 2003. Toni Bou kuwa tun daga 2007 har zuwa 2024 bai bar wa kowa kofin ba ko sau ɗaya, a fili da cikin zaure, a kan Cota 4RT. Ka lura, 4RT inji mai bugu huɗu gare shi, wato irin da Sherpa ya kora shekara arba'in kafin nan, ya dawo da fasahar Honda.

A nan ne nake ganin ƙirga kofuna kaɗai ba adalci ba ne. Bultaco ya ci nasa da injin da ya ƙera da kansa, da kuɗin da ya samu daga sayar da babura, yana ƙaramin kamfani a Sant Adrià de Besòs, kusa da Basalona. Montesa na bayan 1986 suna ne na Kataloniya, yankin Sifaniya da Basalona take ciki, ana harhaɗa shi a Kataloniya, amma ƙarfin da ke bayansa na kamfanin babur mafi girma a duniya ne. Ban ga laifin Permanyer ba, ya tsare wa mutane aikinsu kuma sunan ya rayu. Sai dai in za ka gwada su kafaɗa da kafaɗa, tsaya a shekarun 1965 zuwa 1980, lokacin da kowa yake tsaye da ƙafarsa. A nan Bultaco ya yi masa nisa.

Kuma kada ka ɗauka ya tafi bai bar baya ba. Narcís Casas da Josep Pibernat dillalan Bultaco ne. Da kaya suka yanke sai suka koma sayar da SWM na Italiya, shi ma ya durƙushe, suka ce bari su ƙera nasu. Haka aka haifi Gas Gas a 1985 a Salt, kusa da Girona, kuma Jordi Tarrés ya ci masa kofin duniya uku a jere daga 1993 zuwa 1995, Adam Raga ya ƙara biyu a 2005 da 2006. Sherco, wanda Marc Teissier ya kafa a 1998, sunansa ma daga Sherpa da Bultaco aka haɗo shi, baburansa na farko da tambarin Bultaco suka fito. Gas Gas ɗin ya karye a 2015, kamfanin Torrot na Sifaniya ya saye shi, a 2019 kuma mafi yawansa ya koma hannun KTM na Ostiriya, wato ya bi hanyar Montesa. Sherco yana nan yana ƙera nasa daga Nîmes ta Faransa, ya ma haɗa da Scorpa ya riƙe.