Kayan zane na shagon Wudil: fensir da gawayi sun yi, tawadar ce ba ta kai ba

Masu tambayata da me nake zana karnukan farautar ƙauyenmu, ga amsa. Akwai wani ɗan shagon littattafai a cikin Wudil, ɗaliban jami'ar Aliko Dangote masu karatun zanen gine-gine ne suka fi sayayya a wurin, shi ya sa za ka samu kayan da in ba nan ba sai ka shiga Kano. Ranar Juma'a nake biyawa in mun shigo kasuwa. Mai shagon mutumin kirki ne wallahi, yana barinka ka gwada fensir a kan takarda kafin ka biya, kuma ba ya ɗaure fuska don ka sayi guda ɗaya tal.

Kwalin kayan zanen da na ɗauka akwai fensir daga 2H har 8B, da sandunan gawayi, da kilina mai laushi wadda ake murzawa da yatsa, da ƙaramar kwalbar tawada. Ga wanda bai sani ba, H na nufin mai tauri, B kuma mai laushi da baƙi, yumɓu ake haɗawa da sinadarin bakin fensirin, in yumɓun ya yi yawa sai ya yi tauri ya rubuta fari-fari. Ni HB nake fara fitar da siffa da shi, don karen farauta ba kamar karen Turawa mai gashi buzu-buzu ba ne, shi siriri ne, ciki a ɗame, ƙafafu dogaye, haƙarƙari kana iya ƙirgawa, in ka kuskure layin baya zuwa ƙugu to ka zana akuya kawai. Sai 4B da 6B wurin ido da hanci. Fensiran sun yi gaskiya, ba sa karyewa in ana fiƙewa da reza, 8B ne kaɗai yake saurin ƙarewa kuma yana ƙyalli in ka danna da yawa.

Amma gawayin nan, kai! Shi ne ya biya kuɗin kwalin. Akwai Duna, baƙin karen yayana, na daɗe ina son in fitar da baƙinsa yadda yake, fensir ya kasa saboda ƙyallin nan, gawayi kuwa baƙinsa a kwance yake ba sheƙi, ka shafa da gefen sandar ka murza da ɗan yatsa, sannan ka ɗauki kilinar ka ɗan ɗaga hasken da ke kan kafaɗa da goshi sai ka ga kare ya fito kamar zai tashi. Kuma kare ba ya zama ya jira ka, shi ya sa da azahar nake zuwa lokacin da suke kwance a inuwar darbejiya suna haki, gawayi yana da sauri, kafin ya juya ka kama kwanciyarsa. Na gwada da gawayin kirya na maƙera, ya yi tauri yana kartar takarda, wannan ya fi shi nesa ba kusa ba. Matsalarsa ɗaya gogewa, in ba ka sa farar takarda tsakanin zane da zane ba hannunka ma ya isa ya ɓata shi, balle lokacin hunturu da ƙura.

Tawadar ce ta ɓata min rai. Ruwa-ruwa ce, tana bushewa ta koma toka-toka, a takardar fotokwafi kuma ratsawa take ta baya. Na koma tawadar allo da malamin tsangayarmu yake haɗawa da ƙaro, da alƙalamin kara, baƙinta ya fi zama kuma in ka sirka da ruwa kana samun inuwa mai kyau ta ƙarƙashin ciki. Sai dai a kiyaye ta da jiƙa don wankewa take.

Takarda kuma ku ce mai shagon ya ba ku mai kauri mai ɗan kaushi, ita gawayi ke kamawa. In kuɗi bai kai na kwalin ba ku sayi HB da 6B da gawayi biyu daban, yana sayarwa ɗai-ɗai.