Gyaran layin dogo ya yi kyau, amma an bar fasinja a tsaye

Ba ni da ja a kan gyaran kansa. Ƙarfen da jirgi ke takawa yana cinyewa, tsakuwar da ke riƙe da shi tana sakwarkwacewa, wayoyin lantarkin da ke sama kuma ba a taɓa su sai an kashe wuta. Aiki irin wannan ba ya yiwuwa jirage na kai da komo, shi ya sa ake barinsa sai dare ko ƙarshen mako. Tun da aka sabunta layin da nake bi, girgizar tarago ta ragu sosai, har mutum yana iya karatu a zaune. Wannan kam na yaba.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen sanar da mu. Manhajarsu ta sayar mini da tikiti ba tare da ta nuna cewa rabin tafiyar a bas za a yi ba. Sai da muka isa tsakiyar hanya aka ce kowa ya sauka. Lasifika na faɗin abu ɗaya, allon tasha na nuna wani, ma'aikacin da ke bakin ƙofa kuwa, bawan Allah, shi ma a bakinmu yake jin labari. Ban ga laifinsa ba, haka aka tura shi.

Bas ɗin ma bai ishi mutanen jirgi guda ba, kuma dole ya leƙa kowace ƙaramar tasha. Wata tsohuwa da jikarta ke turawa a keken guragu sai da suka jira na gaba, domin na farkon ba shi da wurin shigar da keke. Abin ya tsaya mini a rai. Da muka kai, jirgin da za mu haɗu da shi ya riga ya tashi, ba wanda ya yi tunanin riƙe shi. Kuɗin tikiti kuma ko ragi babu.

Bayan an buɗe layin, jirage sun ci gaba da tafiya a hankali a wurin da aka gyara har sabuwar tsakuwa ta zauna. Dalili ne mai kyau, amma daga bakin wani fasinja na ji shi. Tauraro biyu cikin biyar na ba su, kuma duka biyun na masu aikin layi ne.