Wasiƙa daga Faransa: yadda na sha fama kan gilashin gaban 504

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Umma da yara. Ranar nan ka tambaye ni inda aka kwana kan motar, layi ya yanke kafin in ba ka labari, shi ne na ce bari in rubuta.

Peugeot 504 ɗin da na saya ƙirar 1974 ce, daga masana'antar Sochaux da ke nan Faransa, irin wadda marigayi Baba yake kai mu Zariya a ciki, sai dai tasa haɗin Kakuri ce. A nan tun 1983 aka daina ƙera irinta, mu kuwa a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000. Shi ya sa abin da yake jibge a Panteka ana takawa, a nan ya zama kayan tarihi. Inji bai ba ni wahala ba, fenti ma an gama. Gilashin gaba ne ya tsayar da ni wata biyu cur.

Wanda na tarar a jikinta waifa ta gama karce shi, gefensa kuma ya yi fari kamar an zuba madara. Ka san gilashin gaba falle biyu ne aka manne da wata siririyar leda a tsakiya, ita ke riƙe shi kada ya tarwatse idan dutse ya buge shi. Da zarar danshi ya shiga ta gefe, ledar ta fara saki, babu gyara sai canji.

Na fara sayen mai araha ta intanet. Ya iso cikin akwatin katako, tsaf da shi. Da muka ɗora a kan motar, kusurwar ƙasa ta hagu ta ƙi zama, yatsana yana shiga tsakaninsa da ƙarfe. Mai garejin, wani dattijo da ya tsufa a kan Peugeot, ya ce in tsaya a bayan gilashin in kalli turken fitilar titi, in riƙa motsa kaina a hankali. Wallahi Yaya, turken nan miƙaƙƙe sai na ga yana lanƙwasa kamar hoto a cikin ruwa. Ya ce wanda ya yi tuƙin awa biyu a bayan wannan, da ciwon kai zai sauka.

A nan na ga amfanin dokarsu. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar a ba ka kuɗinka, ba tare da rantsuwa ko kiran shaida ba. Kuɗin mayarwar dai daga aljihuna ya fita, kuma ya yi mini ciwo. Amma na tuna yadda a gida, da ka fita daga shago da kaya, magana ta ƙare.

Dattijon ne ya koya mini karanta tambarin da ke kusurwar gilashi, wanda duk shekarun da na yi ina bin ka gareji ban taɓa dubawa ba. Akwai harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa: E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Birtaniya. Lambar tana nuna ƙasar da ta gwada gilashin ta amince da shi ne, ba inda aka ƙera shi ba, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Sai 43R, ƙa'idar gwajin ke nan. Idan ka ga sanda biyu kusa da da'irar, mai leda a tsakiya ne. Sanda ɗaya kuwa mai rugujewa ne kamar tsakuwa, irin wanda yawancin motocin Turai na da suke zuwa da shi. Tambari ba zai gaya maka ko lanƙwasar ta dace da motarka ba, wannan sai an ɗora. Haka kauri: wasu sababbin sun fi na da siranta, sai su riƙa rawa a cikin roba, ruwan sama yana tsiyaya kan ƙafarka. Na biyun da na samu wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci, tare da sabuwar robarsa na saya, ya zauna daram.

Inda gida ya fi su nesa ba kusa ba shi ne hannu. Sai da na jira mako uku kafin a ba ni rana, kuma aikin da awa ake lissafa shi. Wurare biyu ma cewa suka yi ba sa taɓa irin wannan, domin yaransu gilashin mannawa da gam kawai suka sani. Ranar da dattijon ya zura igiya cikin robar, ya shafa ruwan sabulu, ya sa ni ina dannawa daga waje yana jan igiyar daga ciki, sai da idona ya ciko. Yaran garejinka kafin shayi ya huce sun gama wannan, kuma ba wanda yake ɗaukarsa a bakin komai.

Yanzu saura gwajin lafiyar mota. Wadda ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi, sai a riƙa duba ta duk shekara biyar maimakon biyu, kuma gilashi yana cikin abin da suke ƙura wa ido.

Ga alfarmar da nake nema. Ƙaramin gilashin ƙofar baya ta dama ya tsage a gefe, na nema na gaji. Don Allah idan ka shiga Panteka ka duba mini wajen masu yanka tsofaffin motoci. Fari nake so, ba mai ruwan kore ba, don ya dace da sauran. Kafin ka biya, ka goge kusurwar da tsumma ka ɗauko mini hoton tambarin, sannan ka ɗaga shi a rana ka duba karce. In an dace, a naɗe shi cikin bargo tsakanin kwali biyu, akwai wanda zai taho bayan Sallah.

Ka gaida Umma, ka ce mata idan na gama zan turo mata hoton motar ta ga ko ta yi kama da ta Baba.

Ƙaninka