Dim sum a Gwanzu: gidan shayin Sinawa ko gidan halal?

Alhaji, na ga tambayarka. Ka ce za ka Guangzhou, wato Gwanzu a bakin 'yan kasuwarmu, baje kolin Canton na watan Oktoba, kuma mutumin da kake sarin kaya a wurinsa ya ce zai kai ka cin dim sum. Kana son sanin ko ka bi shi gidan shayin da ya saba zuwa, ko ka nemi a je na Musulmi. Na zauna a duka biyun, ga abin da na gani.

Dim sum ba sunan abinci ɗaya ba ne. Tarin 'yan ƙananan ciye-ciye ne da mutanen lardin Guangdong da Hong Kong ke ci da shayi, galibi daga safe zuwa azahar. Su kansu ba sa cewa za su cin abinci, cewa suke "yum cha", za su shan shayi. Yawanci turara shi ake yi a 'yan kwandunan gora da ake ɗora wani kan wani, kamar dai madambaci, kowane kwando da guda uku ko huɗu. Ba a ba kowa kwanonsa. A tsakiyar tebur ake jerawa, kowa ya miƙa tsinkensa, wato 'yan sandunan nan biyu da Sinawa ke cin abinci da su.

Gidan shayin gargajiya, gaskiya, abin kallo ne. Zaure ne babba cike da hayaniya, tsofaffi da jaridunsu, iyali har jikoki a tebur guda. A wasu gidajen har yanzu mata na tura amalanken ƙarfe mai tururi tsakanin tebura, ka nuna abin da kake so, a buga hatimi a katinka. Wasu kuma sun koma takardar da ake yi wa alama ko oda ta waya. In kallo da hira kake so, babu kamarsa.

Amma cin ne matsalar, kuma ta fi yadda mutane ke zato. Kowa zai iya kauce wa char siu bao, farin burodin nan mai laushi, tunda gasasshen naman alade ne a cikinsa, haka siu mai, wanda alade ne da jatan lande. Inda ake faɗawa shi ne abin da ido ke cewa lafiya lau ne. Har gow, wanda ake ji da shi, fatarsa shara-shara ce har kana hango jan jatan lande a ciki, sai ka ce ai kayan ruwa ne. To masu dafawa da yawa suna haɗa shi da kitsen alade don ya yi maiƙo. Lo mai gai, shinkafa mai danƙo da ake naɗewa a ganye irin na bado, kaza ce a sunansa, amma sau da yawa akwai yankan tsiren alade a ciki, kazar ma ba yankan Musulmi ba ce. Curin naman sa ana sa masa kitsen alade. Hatta ɗan kek ɗin ƙwai da ake rufe ciki da shi, a al'ada da man alade ake murza ɓawonsa. Ga giyar Shaoxing da ake jiƙa nama da ita.

Zuwana na farko na tambayi mai kawo abinci ko akwai alade a wani kwando, ta girgiza kai da zuciya ɗaya. Ba ƙarya ta yi ba, a wurinta nama na tambaya, ba mai ba. Abokin cinikina ne ya sake tambaya da yarensu, sai ga shi da kitse aka yi. Ranar shayi kawai na sha, raina bai so ba, shi ma mai masaukin nawa kunya ta kama shi.

Gidan halal kuwa, alamar da za ka nema a ƙofa ita ce 清真, ana karanta ta "cingjen". Ka adana hotonta a wayarka. Sai dai ka lura, yawancin shagunan da ke ɗauke da ita a unguwar Xiaobei, inda mutanenmu suka fi sauka, na taliyar Lanzhou ne da gashin 'yan Xinjiang. Halal ne, amma ba dim sum ba ne. Wanda ke yin dim sum irin na Guangdong shi ne tsohon gidan abincin nan Huimin da ke titin Zhongshan na 6, ba nisa da masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar Sin. In kuma kana da bizar Hong Kong, wadda daban take da ta Sin, akwai ɗakin cin abinci a hawa na 5 na Masallacin Ammar da ke Wan Chai, Sinawan da ba Musulmi ba ma suna cika shi. A irin waɗannan wurare naman sa da rago da kaza ne ke maye gurbin alade, kwanduna da shayi da tsarin zama duk iri ɗaya ne. Kalolin ba su kai na babban gidan shayi yawa ba, wannan gaskiya ne. Amma za ka miƙa hannu ko'ina a tebur ba tare da zuciyarka na ɗar-ɗar ba, ni kuwa wannan ya fi mini kala ɗari.

Don haka, Alhaji, ka gaya wa mutumin da kake sarin kaya a wurinsa tun yanzu cewa kai Musulmi ne, ka ambaci gidan halal da kanka. Ba zai ji haushi ba, ya fi son baƙonsa ya ci ya ƙoshi.

In kun zauna, kada ka sha ruwan shayin farko in ka ga an kawo babban kwano, ɗauraye kofi da tsinke ake yi da shi. Ka fara zuba wa na kusa da kai kafin kanka. In an zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. In buta ta ƙare, ka buɗe murfinta ka bar shi a karkace, za a zo a ƙara ruwan zafi. Kuɗin shayi da kai ake lissafa shi, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ku je da hantsi, ka fara da har gow tun yana da zafi, don da ya huce fatar take taurarewa.