Na Ɗauki Masu Aikin SEO Don Shafin Shagona na Kwari: Abin da Ya Biya Kuɗinsa da Wanda Bai Biya Ba

Duk ɗan kasuwar da ya tambaye ni ko ya ɗauki masu aikin SEO, wato masu gyara shafin intanet don ya riƙa fitowa sama a binciken Google, ce masa nake ya ɗauka, amma kada ya sayi duk abin da za su tallata masa. Shadda, atamfa da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari, muna kuma haɗa lefe ga masu oda daga nesa. Ƙanena ne ya haɗa mana shafin intanet a kan WordPress, wata manhajar gina shafuka. Ya yi kyau a ido, sai dai ko sunan shagon ka rubuta a Google sai ka yi ta gangarawa kafin ka gan shi. Dalilin da ya sa ke nan na ƙulla yarjejeniya da wani ƙaramin kamfanin tallan intanet, samari ne masu ladabi, kuɗinsu na wata ya haura albashin yaron shago. Ba zan kama sunansu ba, aikin nake son bayyanawa.

Abin da suka fara yi shi ne haɗa shafin da Google Search Console, kuma har yau shi ne abin da na fi gode musu a kai. Kyauta ne, na Google ne, da can Webmaster Tools ake ce masa kafin a sauya sunan a 2015. Yana nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har shafinka ya fito, sau nawa aka gan shi, sau nawa aka latsa, kuma a wane matsayi yake, yana ajiye bayanan har na wata 16. A nan muka ga inda gizo ke saƙa. Sunayen da muka sa wa kaya irin na ƙawa ne cikin Turanci, ga lambobi a gefe, alhali mai neman kaya ba haka yake rubutu ba. Gauraya yake yi, ya sa shadda ko Getzner, ya bi da farashi, ya ƙare da Kano. Iyaye mata da 'yan uwan ango kuwa jerin kayan lefe suke nema, akwati nawa, turmi nawa, me ake sakawa a na farko.

Sai suka ware wa kowane irin yadi shafinsa, da sunan da ake kiransa da shi a kasuwa. Atamfa aka rubuta turmi ne mai yadi shida, shadda yadi biyar ko goma, ga farashi a fili. Da farko na ƙi batun farashin, don a Kwari ciniki ake yi, kuma kuɗin kaya yana bin dala ne, yau sama gobe ƙasa. Shugaban samarin ya ce min, "Alhaji, wanda ke Legas ba zai kira ka don ya ji kuɗi ba, gaba zai yi." Muka tsaya a kan a riƙa sa farashi tare da ranar da aka sabunta shi. Shafin lefe kuwa da bakina na faɗa aka rubuta da Hausa, kamar yadda nake yi wa mai saye bayani a shago, kuma shi ya fi kowane shafi jawo mutane. Daga baya muka lura Nijar na fitowa a jerin ƙasashen da ake ganinmu, sai aka ƙara layi biyu na Faransanci a shafin shadda, tunda masu rubutu da Faransanci bazin suke nema. Dama mutanen Maraɗi da Damagaram tsofaffin abokan cinikin Kwari ne, yanzu wasu sukan turo saƙo tun kafin su taso.

Sai maganar nauyin shafi. Hotunanmu daga waya kai tsaye ake loda su, kowanne da nauyinsa, mai ƙaramin data kafin hoto ɗaya ya buɗe ya gaji. Sun gwada shafin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, a gabana, jan maki ya fito, alamar shafin na da nauyi. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma yadda shafi yake a waya shi yake dubawa, ba yadda yake a kwamfuta ba. Suka mayar da hotunan samfurin WebP mai ƙarancin nauyi, shafin ya koma buɗewa nan take. Amma sun matse su fiye da kima. Wata farar shadda mai zanen ganye ta koma fili fetal, ƙyallin ya mutu, ruwan toka da ruwan siminti suka zama abu ɗaya. Na kira yaron kamfanin da ya yi aikin na shimfiɗa masa yadin a bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, na ce, "Malam, wannan sheƙin shi ake biya wa kuɗi." Bai yi musu ba, ya sake aikin, ya bar ƙaramin hoto a jeri, babba mai kyau kuma sai an latsa. Wanda bai san yadi ba ba zai lura da wannan ba, don haka mai kaya ya tsaya a kai da kansa.

Rajistar Google Business Profile, wanda kafin 2021 ake kira Google My Business, ita ma ta yi rana. Ita ce ke sa shago ya fito a taswira da lambar waya da lokacin buɗewa. A Kwari da sunan gida da layi ake kwatance, baƙo kuwa yana iya yini yana zagaye, don haka muka sa hoton ƙofar shagon da kwatance dalla-dalla. Sun kawo shawarar a nemo masu rubuta yabo a biya su, na ce a'a. Ƙa'idar Google ta hana, kuma ko ba ta hana ba, shaidar zur ce. Wanda ya karɓi kayansa ya ji daɗi muke roƙo ya rubuta, suna zuwa a hankali.

Inda muka saɓa shi ne kuɗin wata-wata na rubutu da abin da suke kira gina mahaɗai, wato sa wasu shafuka su riƙa nuni zuwa naka. Duk wata sai a ɗora dogayen rubuce-rubuce da Turanci kan tarihin tufafi a Afirka, da ka karanta layi uku ka san ba wanda ya taɓa riƙe almakashi ne ya rubuta ba. Ba wanda ya taɓa kira ya ce ta nan ya same mu. Da na nemi ganin mahaɗan, sai ga shafukan ƙasashen waje barkatai, wasu na caca, wasu ma ba a gane harshensu. Ƙanena ya nuna min cewa sayen mahaɗai ya saɓa wa dokokin Google, kuma tun sabuntawar da ake kira Penguin a 2012 yake yaƙi da irin wannan. Ko da bai hukunta ka ba, yana iya yin watsi da su, ka biya kuɗin iska ke nan. Ni kuma sunan shagona kusa da shafin caca ba abin da zan lamunta ba ne. Na sa aka tsayar.

Rahoton da suke turowa ma akwai cikon shafi a ciki. Har da alfaharin sun cusa kalmomi a wani ɓoyayyen gurbi da ake kira meta keywords, alhali tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya amfani da shi wajen jera shafuka. Alkawarin kai mu lamba ɗaya kuwa sun cika shi, amma a kan sunan shagonmu, wanda dama ba mai takara da mu a kansa. Google da kansa yana gargaɗin cewa ba wanda zai iya ba ka tabbacin matsayi na farko. A kan kalmomin da ake kokawa da gaske, sai da aka ɗauki watanni kafin mu fara motsi, kuma har yanzu akwai manyan shafuka a gabanmu.

Tallan Facebook da Instagram na biya daban, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Irin wanda in an latsa yake kai mutum WhatsApp kai tsaye shi ya fi aiki, domin mutanenmu ba sa biyan kuɗin shadda a kan shafi. Bidiyo suke so, a juya yadin a rana, a yi ciniki, su tura kuɗi, alat ya shigo, a kai kaya tasha. Matsalar ita ce samarin sun san na'ura amma ba su san kasuwa ba. Sun tsara babban tallan Sallah a goman ƙarshe na azumi, lokacin da teloli suka daɗe da rufe karɓar ɗinki. Mai sayen yadin Sallah tun Sha'aban yake fara tambaya, zuwa tsakiyar Ramadan an gama. Na sa aka dawo da shi baya. Haka kuma su yawan waɗanda suka gani da waɗanda suka danna alamar so suke ƙirgawa, ni kuwa oda nake ƙirgawa. Masu turo "nawa ne?" su ɓace suna da yawa, sai da muka fara tambayar duk wanda ya biya ta ina ya same mu, muna rubutawa a littafin shago, sannan lissafi ya fito. Waɗanda suka zo ta binciken Google ba su kai na talla yawa ba, amma sun fi saye, don da niyyarsu suka zo.

Yanzu na daina biyan na wata, sai dai in kira su su duba shafin idan wani abu ya taso, in biya na aikin. A nan dole in yaba musu, ba su riƙe min komai ba. Tun ranar farko ƙanena ya dage cewa adireshin shafin, namu mai ƙarewa da .com.ng wanda ke ƙarƙashin NiRA, mai kula da adireshin intanet na Najeriya, kuma ake sabunta shi, ya kasance da sunana da imel ɗina, haka Search Console da shafin Facebook da rajistar taswira, su kuma a ba su izinin shiga kawai. Da aikin ya ƙare, cire izinin ƙanena ya yi daga wayarsa. Duk mai shirin sa hannu a irin wannan yarjejeniya ya sa a rubuta wannan sharaɗi a takarda kafin ya tura kafin alƙalami.